Turwazu, Mai Haƙa wa Manya Rami

Sunansa na yanka Idrisa, amma a Filinge in ka tambayi gidan Idrisa ɗan Na'Allah sai mutane su yi ta kallon juna. Ka ce Turwazu, ko mai goron tasha zai nuna maka: can bayan kasuwar dabbobi, gidan zana mai gawo biyu a ƙofa. Turwazu kuwa uku ga watan Agusta ne da Faransanci, yadda bakin Kurfayawa, mutanen yankin, ya lanƙwasa shi.

Ubansa Na'Allah mai ɗebo ruwa ne a bariki. Ranar Laraba uku ga Agustan 1960, ranar da Nijar ta samu 'yancin kai, yana cikin zirga-zirga da tulu yana shayar da makaɗa da mahaya sai wata maƙwabciya ta kutso cikin taro ta ce masa matarsa ta sauka, an samu namiji. Akawun bariki yana kusa, ya ji. Saboda murnar ranar ya jawo takarda ya rubuta haihuwar nan take, ya buga hatimi. Shi ya sa duk sa'o'in Idrisa takardunsu ke cewa an haife su "wajen shekara kaza", shi kaɗai ke da rana da wata.

Lakwal, wato makarantar boko, shekara huɗu ya yi ya bari, ya koma gonar gero. Yana ɗan shekara goma sha biyar, bayan babban farin da ya kashe shanun Filani har gefen Sanam, aka mai da uku ga Agusta ranar dashen itatuwa a ƙasa baki ɗaya. Wani tsohon mushensa, malamin da ya koyar da shi a lakwal, ya tuna da shi, ya ce ai akwai yaron da aka haifa tare da ƙasa, shi ya dace ya riƙa wa babban baƙo icen farko. Aka sa masa farar riga ta aro, ya riƙe ɗan bedi, wato darbejiya, a cikin leda, aka tafa. Daga nan ma'aikatan gandun daji suka saba da shi, har suka ɗauke shi lebura a gandun renon itatuwa.

Aikin ba shi da wuyar ganewa, wuyar yi gare shi. Tun watan Maris yake cika baƙaƙen ledoji da ƙasa da taki, ya shuka irin bedi da bagaruwa da gawo, ya yi ta ban ruwa safe da yamma. Saura kwana uku biki ya ɗauki diga ya haƙa ramuka, na manya a gaba, masu faɗi, an share gefensu. Ranar biki manya su zo da motoci, a yi jawabi, kowa ya sunkuya ya tura ƙasa sau biyu da shebur, a zuba masa ruwa a buta ya wanke hannu. Kafin azahar fili ya watse. Abin da ya rage na Turwazu ne: sarar ƙaya a kewaye kowane ice, korar awaki, da jan jaki da amalanke zuwa rijiya tun daga kaka har wata damina. Da idonsa ya lura cewa cikin goma, biyu ke kai labari. Wata shekara a sake haƙa rami daidai inda na bara ya mutu.

Ya auri Hafsat, 'yar wani manomi daga Damana, mace mai ƙaramin jiki da saurin hannu. Ita ce ba ta taɓa kiransa Turwazu ba. Maigida take cewa, in kuma tsokana ta motsa ta ce "ƙanin gwamnati", wai da safe aka haifi ƙasa, shi sai da hantsi. Sun haifi biyar, uku suka rayu: maza biyu da daga baya suka tafi cin rani Kwatano suka zauna can, sai autarsu Najiba.

A kakar 2004 fara ta sauka wa gero, ruwa kuma ya ɗauke da wuri. Kafin daminar 2005 ta kankama rumbunsu ya zama wurin kwanan kaji. Hafsat ta shiga sahun matan da ke fita daji tsinkar anza, 'ya'yan icen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana canza ruwa kafin su ciwu. Tana dafawa ta zuba wa yara da mijinta, ita ta ce ta ci a madafa. Da zazzaɓin damina ya kama ta a ƙarshen Yuli, bai samu wani jiki da zai yi kokawa da shi ba. An kai ta likita, an ba ta magani, ta ɗan samu sauƙi, aka dawo gida.

Safiyar uku ga Agusta ya tsaya a ƙofar ɗaki da farar rigarsa a hannu, yana jan ƙafa.

"Tahi mana, Maigida," ta ce daga kan tabarma. "In ba ka tahi ba wa za ya riƙa musu icen?"

"Jikin naki hwa?"

"Da sauƙi. Ka tahi ka dawo."

Ya tafi. Baƙon shekarar daga Yamai ya zo, mai dogon jawabi. Turwazu yana tsaye a bakin rami da ɗan gawo a hannu sai ya ga Saminu tela, maƙwabcinsa, ya jingine keke ya ratso ta bayan 'yan lakwal. Ya matso ya raɗa masa, "Taho maza. Jikin Hafsatu ya rikice, kai take kira."

Babu wanda ya riƙe shi. Wannan shi ne abin da ya fi ci masa rai daga baya. Shugabansa bai ma san abin da ake ciki ba. Shi da kansa ya dubi baƙon, ya ga saura shafi ɗaya a hannunsa, ya dubi jama'a, ya ji nauyin ajiye ice a ƙasa ya fita a guje gaban manya. Ya ce wa Saminu, "Bari shi ƙare. Yanzu-yanzu."

Shafin ya ƙare. Ya miƙa ice, ya gyara masa zama a rami, ya zuba ruwa. Mai sanarwa ya ce wa jama'a wannan bawan Allah yau shekararsa arba'in da biyar cif, daidai da ƙasarmu, aka yi tafi aka buga ganga. Sannan ya hau bayan keken Saminu. Tun daga bakin lungu suka jiyo salatin mata.

Aka binne ta bayan la'asar. Masu dawowa daga maƙabarta suna jin kiɗan kokawar biki daga filin gari.

Bai bar aiki ba, don babu abin da zai bar shi ya kama. Shekara goma sha biyar ya ƙara yana haƙa ramukan nan. Kowane uku ga Agusta ya sa farar riga, a kira sunansa a lasifika, a faɗi shekarunsa, ya ɗaga hannu. Daga fili ya zarce maƙabarta ya yi addu'a, ya dawo gida ya kwanta da rana tsaka kamar wanda aka yi wa duka. An yi masa maganar aure sau da yawa, ya ce sai ya huta tukuna. Saminu bai taɓa tayar da zancen ranar ba har ya rasu, shi ma Turwazu bai gaya wa kowa ba. Ya yi ritaya a 2020 da gwiwa mai ciwo da takardar yabo a cikin gilashi. Duk da haka ba a daina aiko masa ba, don an saba.

Najiba ta yi aure a wani ƙauye kusa da Sanam. Da zaman can ya gagara saboda rashin tsaro, hanya ba tabbas, noma da fargaba, mijinta Abdurrazak ya kawo ta gidan ubanta da tsohon ciki a daminar 2022, shi ya wuce Yamai neman aikin gini. Naƙuda ta tashi da hantsin uku ga Agusta. Matan maƙwabta suna shirin kai ta gidan haihuwa sai ga wani matashin ma'aikaci bisa babur.

"Baba Turwazu, ina kwana? Shef, shugabanmu, ya ce in ɗauko ka, baƙi sun kusa."

"Ka gaishe shi. Ka ce bana ba ni zuwa."

"Baba, an riga an sa sunanka cikin takarda. Minti talatin ne kawai."

"Na san minti talatin ɗin," ya ce. "Ɗiyata na naƙuda. Ku samu wani shi riƙa."

Matashin ya ɗan tsaya ko zai sake shawara, sannan ya tada babur. Turwazu ya bi amalanken da ke ɗauke da Najiba da ƙafa, yana ɗingishi, ya zauna a kan dakalin gidan haihuwa tun hantsi har rana ta karkata. Bai ci komai ba, salla kaɗai ke tashe shi. Gab da la'asar ungozoma ta leƙo ta ce namiji ne, uwa da ɗa lafiya. Matan da suka rako ta suka hau guɗa, wata ta ce an samu sabon Turwazu. Ya ce, "A'a. Wanga sunan ya ishe ni ni ɗaya." Ranar suna aka raɗa wa yaro Abdulgafar, kuma da shi ake kiransa.

Bayan suna da kwana biyu, baƙi sun watse, yana zaune a tsakar gida yana gyaran ƙotar hauya, Najiba tana shayarwa a inuwar zana. Ba tare da ya ɗago ba ya ba ta labarin shafi ɗayan nan, daga farko har ƙarshe. Shekara goma sha bakwai yana riƙe da shi, faɗinsa bai kai shan ruwa ba.

Ta ce, "Na sani, Baba. Ina cikin ɗakin. Shekarata tara, ba a kore ni ba. Da Baba Saminu ya jima bai dawo ba, Inna ta ce ai ba ka iya barin mutane tsaye."

"Da hushi ta hwaɗa?"

"A'a. Cewa ta yi in ruhe maka anzarka da faifai kada kaji su ci. Daga nan ba ta sake magana ba."

Ya ci gaba da buga ƙota a kan dutse, ko da yake ta riga ta shiga. Ya so ya ji sauƙi, ya jira sauƙin ya zo. Abin da ya ji kawai gajiya ce ta sauko masa daga wuya zuwa gwiwa. Ya jingina hauya ya ce zai ɗan miƙe.

Yanzu shekararsa sittin da 'yan kai. Abdurrazak ya samu ɗaki a Yamai ya kwashe iyalinsa, gidan ya sake yin shiru. Gonarsa ta gero rabi yake iya nomewa, rabin ya ba ɗan ƙaninsa. A bayan ɗaki yana renon 'yan mangwaro da lemun tsami a gwangwanayen tumatir, ranar Lahadi ya ɗora su a amalanken maƙwabci zuwa kasuwa, ya zauna kusa da masu igiya da tabarmi. Ciniki ba yawa. Yawanci matan gari ne ke saye ɗaya-ɗaya, shi kuma sai ya tsare su da tambaya: akwai rijiya kusa? Gidan da awaki? Wa zai riƙa ban ruwa in kin yi tafiya? Wadda amsarta ba ta gamshe shi ba sai ya ce ta je ta yi shinge tukuna ta dawo wata Lahadin. Wasu suna dawowa. In rana ta take, kasuwa ta yi zafi, yakan ja hula ya rufe fuska ya jingina da buhun mai igiya, sai mai igiyar ya taɓa shi in an zo saye.