Muzurun da Muke Kira Malam

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma ne, an idar da la'asar. Mu uku ne a gidan: ni ina tsakar gida ina gugar wata riga, matata tana bakin murhu, surukina kuma yana zaune a zaure. Na huɗunmu muzuru ne. A Dutsin-Ma aka yi wannan, shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai, lokacin ina sana'ar ɗinki.

Bari in bi abin daki-daki. Ɓeraye ne suka dame ni da cin yadin mutane, na karɓo muzurun yana ɗan ƙarami. Ya girma a ɗaki, ko ƙofar gida ba ya leƙawa. Ɓera kam ya kama, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma da farko ya koyi warware zare. Daga nan ya koyi ture faifai daga bakin ƙwarya. Daga baya ya mai da buzun sallata wurin barcinsa, ya harɗe a kai yana lumshe ido. Wannan ya sa matata ta laƙaba masa Malam. Na hana ta, na ce ba a wasa da sunan manya. Ba a yi wata biyu ba bakina ya kama.

Shi kuwa surukina malami ne na gaske, yana da makarantar allo a Tamawa ta ƙasar Kurfi. Kowa Malam yake ce masa. Ranar nan ya sauka gidana, na durƙusa na gaishe shi, na janye jiki, don suruki ba ya zama gaban surukinsa yana cin abinci. Matata ta dama fura da nono, ta kai masa ƙwarya ɗaya, ta rufe tawa a bakin ɗaki. Tsakanina da zauren bango ne kawai.

Ina ɗaga kai sai na ga faifai a ƙasa, kan muzuru cikin furata har kunne. Na daka tsawa:

"Malam! Cire bakinka daga ƙwaryar nan! Kai kullum ba ka da aiki sai kwaɗayi!"

Na ji an ajiye ludayi a zaure. Muzurun ma bai fasa sha ba.

"Ke 'yar nan," in ji surukina a hankali, "zo ki ɗauke ƙwaryarku."

Na ji yana jawo takalmansa. Na san in ya fita a haka, ba zai sake taka gidana ba, ni kuma ba ni da idon da zan shiga Tamawa. Matata ce ta ruga zauren.

"Baba, wallahi ba da kai yake ba. Da muzuru yake."

"Muzurun ne Malam?"

"Kan buzu yake kwana, shi ya sa."

"To, madalla. A wurin wa ya yi karatu?"

Ya ce a kira ni. Na zo na durƙusa daga bakin ƙofa, kaina a ƙasa, na ce, "Allah gafarta Malam, a yi mini aikin gafara."

"Wanne daga ciki?" ya ce. "Ni ko na ɗaki?"

Ya zauna ya shanye furarsa, ni kuwa ina nan durƙushe har na ji ƙaurin rigar da na bari ƙarƙashin dutsen guga.

Bai riƙe ni a zuciya ba, Allah ya jiƙansa. Amma bai kuma sake ni ba. Duk wanda zai zo Dutsin-Ma daga wajensu, sai ya ba shi saƙon gaisuwa ga takwaransa. A wani taron suna a Kurfi, gaban dattawa, ina gaishe shi ya ce, "Ya ka baro takwarana? Yana nan da kwaɗayinsa?" Suka tambayi wane ne, ya ce ni zan faɗa. Na faɗa.

Muzurun ya tsufa ya mutu a kan buzun nan. Ni har yau in na ji an ajiye ludayi cikin ƙwarya, sai na sunkuyar da kai.

Kai mai karanta wannan, ina roƙonka abu ɗaya. In kana da mage a gida, kira ta mage. In kuwa iyalinka sun riga sun sa mata sunan girma, to ranar da surukinka zai zo, kai ta gidan maƙwabta tun da safe.