Lambun Kawu a Bayan Katangar Asibiti

Aikina a asibitin nan shi ne ruwan da kowa ya gama da shi. Likita yana da marasa lafiyarsa, nas tana da allurarta, ni kuwa abin da ya fito daga banɗaki da wurin wanki da ɗakin tiyata shi ne rabona. Na karanta ilimin sinadarai har idona ya yi ja, sai ga ni cikin takalmin roba har gwiwa ina leƙa tanki. Idan 'yan uwa a unguwarmu ta Umarari a Maiduguri suna gabatar da ni suka ce, "Ai a asibiti take aiki," ba na gyara musu. In ce me?

Asibiti ne mai zaman kansa, a gefen gari, ta inda gidaje suke fara tsinkewa. A ƙarshen filinsa, jikin katangar baya, aka gina wurin tace ruwan. Tankuna ne a jere. A na farko dauɗa take kwanciya. A na biyu ana hura iska don ƙananan halittun da ke ciki su cinye abin da za su iya ci. Sai a zuba kulorin, daga nan ruwan ya ratsa wani dogon tanki da aka cika da gawayi. Ba irin gawayin mai shayi ba, wani ne da ake sarrafawa musamman, kuma a wurinmu shi kaɗai ne yake kama ragowar magunguna. Don maganin da mutum ya sha ba duka jiki yake cinyewa ba, wani yana fitowa a fitsari kusan yadda ya shiga. Ga kuma na kwalba da wa'adinsa ya wuce, wanda ma'aikata suke tuttulewa a wurin wanke hannu, duk da na yi magana har na gaji da jin muryata. Daga tankin gawayi sai ruwan ya bi bututu, ya huda katanga, ya fita waje garau da shi.

A bakin wannan bututun kawuna ya yi lambu.

Yayan mahaifiyata ne. Da shanunsa yake can wajen tafki, har rikicin da ya ci ƙasarmu ya raba shi da su. Ya shigo gari da matarsa da 'ya'yansa, muka ba su ɗaki. Mutumin da ya saba tashi tun asuba ya bi garke, sai ya koma zaman gindin dalbejiya a ƙofar gida, yana jan carbi, a gaishe shi ya amsa da ka. Mun ɗauka shi ke nan, haka zai ƙare. Wata rana ya zo asibitinmu dubiya, da zai koma ya zaga ta baya, sai ya ga ciyawa kore shar a tsakiyar rani, inda bututun yake zuba. Makiyayi ba ya wuce irin wannan. Ya je wurin mai unguwa ya roƙi aron wurin, aka ba shi, don ba wanda yake son fegin da ke jikin katangar asibiti.

Abokansa sun yi masa dariya, mai shanu ya koma tsugunno a kan alayyafo. Ko a jikinsa. Ya haƙa ɗan kududdufi inda ruwan zai taru, ya ja fangaloli, ya shuka salak da yakuwa da albasa mai lawashi da kuɓewa. Kafin shekara ta zagayo ya kama haya, ya mayar da 'ya'yansa makaranta, ya kuma dawo da tsokanarsa ta da. A lokacin ban ce komai ba, don gawayin sabo ne, abin da nake aunawa ma bai tayar mini da hankali ba.

Na'urar da take gano ragowar magani a ruwa ba mu da ita. Sai dai in ɗebi ruwa a kwalabe masu duhu, in jera su a kula, in bi unguwa ina neman ƙanƙara a garin da wuta take zuwa kamar baƙuwa, sannan in kai tasha in damƙa wa direba ya kai wani ɗakin gwaje-gwaje a wani gari. In ce masa, "Don Allah kar a ɗora kaya a kai." Ya ce to, ina juya baya ya ɗora buhun kifi. A haka dai sakamako yake dawowa, kuma duk dawowa abin yana ƙaruwa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta, maganin ciwon jiki, har da na farfaɗiya. Gawayin ya ƙoshi. Kamar soso ne, idan ya sha ya cika, abin da ka ƙara masa wucewa kawai yake yi. Canza shi ake yi, namu kuwa tunda aka zuba ba a taɓa shi ba.

Na gaya wa manajan asibitin. Ya ce za a duba. Na sake gaya masa. Ya ce yana sane, in ƙara haƙuri, kayan daga waje ake kawo su. Wallahi na tsani kalmar nan ta "za a duba" fiye da yadda na tsani warin tankin farko.

Sai na je wurin Kawu. Da safe ne, yana ba salak ruwa da tsohon gwangwanin fenti da ya huhhuda gindinsa. Muka gaisa, na tsuguna kamar yadda na saba, ya tambayi mahaifiyata, na tambayi ƙafarsa. Sannan na ce, "Kawu, ruwan nan ba lafiya."

Ya ajiye gwangwani ya dube ni. Ya ɗauko kwanon shansa ya kamfato ruwan daga bakin bututu, ya ɗaga shi wajen rana. Ya kai hanci ya shinshina. Kafin in ce wani abu ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya haɗiye.

Ya ce, "'Yar nan, launi bai canza ba, wari babu, ɗanɗano na ruwa ne. Haka malamanmu na unguwar Shehuri suka karantar da mu, haka kuma na shayar da shanu tun ba a haifi uwarki ba. Idan ukun nan suna nan, ruwa ruwa ne."

Na ce, "Kawu, ni ba zancen alwala nake yi ba. Wannan na malamai ne, ban isa in sa baki ba. Abin da ke ciki ido ba ya gani, harshe ba ya ji. Ɗan mitsitsi ne, kamar ka jefa ƙwayar gishiri guda a tankar ruwa."

"To mene ne a ciki?"

"Magani. Ragowar na marasa lafiya."

Ya yi dariya har ya dafa gwiwa. Ya ce, "Mutane suna layi a kemis, ni ana kawo mini har lambu ta bututu. Ashe gata Allah ya yi mini."

Raina ya ɓaci, amma na daure na yi masa bayani. Na ce ganye yana shan wasu daga cikin magungunan ya riƙe su, mutum ya ci kullum ba tare da yana ciwon ba. Na ce maganin kashe ƙwayoyin cuta idan ya zo kaɗan-kaɗan ba ya kashe su, sabawa suke yi da shi, ranar da yaro ya kwanta da gaske a ba shi maganin ya ƙi ci. Ya saurare ni tsaf, don shi ba mai katse magana ba ne. Da na gama ya ce, "Wa ya mutu?"

Masifar aikina ke nan, ba ni da gawar da zan nuna wa kowa. Abin da nake tsoro ba ya zuwa yau, idan ma ya zo ba wanda zai ce daga salak ne. Na roƙe shi ko ganyen da ake ci ɗanye ya dakatar, har a canza gawayin. Ya ce azumi ya kusa, kuma na san abin da salak yake nufi a azumi. Ya ce da shi yake biyan haya. Ya ɗauki gwangwaninsa ya ci gaba da ban ruwa, ni kuma na tashi na kaɗe zanina.

Tunda Kawu ya ƙi, sai na ce bari in matsa ta ɗaya ɓangaren. A taron ma'aikata na gaba na tashi gaban kowa na ce a canza gawayin nan, don ruwan da muke saki ba daji yake tafiya ba, akwai lambu a bakin bututun, kuma abin da ake nomawa a wurin mutanen garin nan ne suke ci. A tunanina idan suka ji akwai bakin ɗan Adam a ƙarshen bututun, kunya ko tsoron Allah zai sa su motsa.

Manaja ya cire tabarau ya ce, "Lambu? Wane lambu?"

Ashe ba su ma sani ba. Ba wanda ya taɓa zagayawa bayan katangar tasu.

Sun motsa kuwa, ban taɓa ganin sun yi sauri irin na wannan karon ba. Sai dai ba gawayi aka kawo ba, magina aka kawo. Suka haƙa rami mai zurfi daga cikin katanga, suka karkatar da bututun cikinsa, suka toshe kafar waje da siminti suka shafe sumul. Na shiga ofishin manaja ko sallama ban yi da kyau ba. Na ce ruwan da ke shiga ramin nan ƙasa zai bi, ƙasarmu kuwa yashi ce, kuma maƙwabta da rijiya da burtsatse suke sha. Ya ce, "Malama, aikinki auna abin da ke fita daga katangarmu. Yanzu babu abin da ke fita." Har da yi mini godiya wai na ankarar da su kafin a kai su ƙara.

Ba na neman afuwar kowa a kan maganar da na yi. Gaskiya na faɗa, kuma ko yau aka sake taron zan faɗa. Abin da yake ƙona mini rai shi ne yadda suka karɓi gaskiyar suka yi abin da ya fi musu sauƙi da ita, maganin yana nan a ruwa yadda yake, mutum ɗaya kawai aka cire daga lissafi, shi ne wanda ba shi da kowa.

Zafin Maiduguri kafin damina ba ya jiran mutum ya yi shawara. Kududdufin Kawu ya ƙafe ya tsattsage. Na ji a wurin mahaifiyata cewa ya gwada sayen ruwa wurin 'yan garuwa, ya ga abin ba mai ɗorewa ba ne, amalanke guda ko fangali biyu ba ta jiƙawa. Ban je ba. Na ce bari ya huce, alhali ni ce ba na son ganin wurin. Shi kuma bai aiko ba, bai kuma kai ƙarata wurin kowa ba.

Da azumi ya kama na ga zaman ya isa, na zaga bayan katangar bayan na tashi daga aiki. Na yi zaton busasshen fili zan tarar. Sai na hango kore, har ya fi na da duhu. Kafin in ƙarasa wari ya tare ni.

Akwai wata babbar kwata da take wucewa can ƙasa da lambun, wadda take kwaso ruwan unguwa gaba ɗaya, da na gidaje, da baƙin man makanikai, da na masu gyaran batir, da na masu rini. Kawu ya haƙa doguwar hanya daga kwatar har kududdufinsa. Na same shi tsaye a ciki, ruwan baƙi ƙirin ya kai masa ƙwauri, yana sanye da wasu tsummokara da ban san shi da su ba. Kayansa na kirki suna rataye a reshen bishiya nesa da wurin, ga jarkar ruwa mai kyau da sabulu a gindinta. Ba sai an gaya mini ba. Kafin kowace salla sai ya fito ya wanke jikinsa ya canza kaya, don shi da kansa ya san wannan ruwan najasa ne. Wannan karon bai buƙaci kwano ba.

Na gaishe shi, ya amsa ba yabo ba fallasa. Ya tambayi mahaifiyata. Na buɗe baki zan yi maganar kwatar, in gaya masa abin da ke cikinta ya ninka na bututun, har da dalma daga batir. Ya ɗaga mini hannu ya ce, "Na sani, 'yar nan. Wannan ina da hancin jin sa." Ya faɗi wata magana da Larabcinmu na Shuwa ƙasa-ƙasa, wadda ban ji duka ba, ban kuma nemi ya maimaita ba.

Na rasa abin yi da hannuwana. A gefe ya tara salak da ya tuge, manya-manya, masu kyan gani, irin wanda mai azumi zai gani ya tsaya. Na sunkuya na ɗauki guda ina juya shi, don kawai in sami abin kallo.

Ya ce, "Ajiye. Wannan ba na gida ba ne."

Na dube shi.

Ya ce, "Tunda na jawo ruwan nan ko ganye ɗaya bai shiga gidana ba. Ke ma kar ki kai wa uwarki. Na kasuwa ne."

Mutumin da a da idan saniyarsa tana ciwo ba ya yarda a sayar da nononta, shi ne yake gaya mini wannan, kuma bai iya haɗa ido da ni ba. Na so in yi faɗa, ban san da wa zan yi ba. Na so in ce kar ya kai, na tuna mai gidan haya da 'ya'yansa, na kuma tuna ni ce mai albashi a cikin katangar da aka toshe.

Mai keke Napep da yake kai masa kaya ya iso yana danna ham, wai su yi sauri kafin masu cefanen buɗa-baki su watse. Kawu ya fito daga ruwan da ƙyar yana dafa ƙugu, ya jawo buhu, ya yi ta ƙoƙarin buɗe shi da hannu ɗaya yana cusa salak da ɗayan, buhun yana rufewa. Na tsaya ina kallonsa har na kasa daurewa. Na matsa na riƙe masa bakin buhun, ya cika shi.