Abin da Kawu Ya Cire Daga Babur ɗin Yayana

Yayana ya rasu da kaka, ana tsakiyar yankan gero, bayan jinyar wata huɗu. Bai yi aure ba. Abin da ya bari a zaurenmu na Kusada shi ne jan babur irin na 'yan tsere, wanda ya sayo na hannu lokacin da yake aikin walda a Kano. In ka hau shi dole ka duƙa a kan tanki kamar mai leƙen rijiya. Ƙannena mata suka ce su dai ba su da abin yi da shi, aka bar mini.

Ni malamin dabbobi ne. Aikina bin rugage da allura da maganin tsutsa, daga Ƙofa zuwa Bauranya, kuma hanyoyin nan rabinsu rairayi ne. Yayana ƙato ne, yana juya babur ɗin da cinya ɗaya. Ni kuwa tun ina yaro ake ce mini sillen kara. A mako guda sau uku babur ɗin ya kayar da ni. Na ukun a bayan Ƙofa ne, ya danne mini ƙafa, sai da wasu makiyaya biyu suka baro shanunsu suka ɗaga shi. Babban cikinsu ya kakkaɓe hannu ya ce, “Malam, wannan ai bijimi ne, igiya ya kamata ka sa masa.”

Innarmu ba ta taɓa ce mini kada in hau ba. Yayana ɗan farinta ne, ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ko ranar da aka fita da shi ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Babur ɗin ma “abin nan” take ce masa. In na turo shi daga zaure sai ta juya baya ta kama tankaɗe ko tsintar wake. Ranar da ta ga ina ɗingishi, ba ta tambayi dalili ba. Da na gama cin tuwo ta ce, “Ka kai wa kawunka abin nan ya duba.”

Kawu yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Bakaniken babura ne a Kankia, ƙarƙashin wata bishiyar bedi da ya ce da hannunsa ya shuka ta. A lokacin idonsa ya fara rauni, aikin da yatsu yake yi. Yana shafa kan ƙusa ya san sifanar da za ta kama ta.

Na isa da hantsi. Bayan mun gaisa ya kewaya babur ɗin sau biyu, hannunsa a kan kujerar. Sannan ya ce, “To, mi kake so a yi mai?”

Dama na zo da shirina, don na kwana biyu ina kallon masu irin wannan babur a waya. Na ce nauyi nake so a rage. Na nuna masa farantan birki biyu da ke tayar gaba, ɗaya dama ɗaya hagu, na ce guda ma ya isa, tunda ni ba tsere zan yi ba. Na ce a sa siririyar taya, a cire madubai.

“Ka gama?”

“Na gama, Kawu.”

“Jeka wurin mai awon wake can, ka ce in ji ni ya ara mini sikelinsa na ratayewa.”

Ya ɗaura sikelin a reshen bedi. Duk abin da ya kwance sai ya ba ni in rataya, in karanta masa, don shi ba ya ganin lambobin. Ban taɓa lura da yawan abin da yayana ya ƙara wa babur ɗin ba sai ran nan. Akwai kariyar ɗaukar kaya ta ƙarfe a baya. Akwai ƙarin fitilu biyu, da hon irin na babbar mota, da wani akwatin lasifika da ya cusa ƙarƙashin kujera, wanda ko ƙara ya daina yi. Sai babban ƙarfen kariya da ya zagaye injin, wanda yayana ya lanƙwasa daga bututun ruwa mai kauri.

A kan wannan ƙarfen Kawu ya tsaya. Ya bi gaɓar waldar da babban yatsa, a hankali, daga farko har ƙarshe.

“Dubi ɗinkin nan,” in ji shi. “Ko tudu babu. A wurina ya fara riƙe wutar walda, yana ƙone mini ƙarafa ina yi mai faɗa.”

Ya ɗaga gefen rigarsa ya share fuska, wai zufa. Na ce in haka ne a bar shi kawai.

“A'a. Shi daidai jikinsa ya yi. Kai ma sai a yi maka daidai naka.”

Ƙarfen nan shi kaɗai ya haura kilo biyar. Salansar ma ya canza ta da wata marar nauyi da ya zaƙulo daga cikin tarkacensa, bayan ya tabbatar bakinta ya yi daidai da na injin.

Sai da muka gama da waɗannan duka ya kwance farantin birki ɗaya, ya miƙo mini. Na rataya. Allurar sikelin da ƙyar ta wuce kilo guda.

“Nawa?”

Na gaya masa.

“To ka ji. Don wanga ɗan abu za ka ba da rabin tsayuwarka? Ranar da saniya ta faɗo maka hanya ba za ta tambaye ka ko tsere kake ba.” Ya karɓa ya mai da shi wurinsa, ya ɗaure kowace ƙusa, ya sake bi ya taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Tayar ma ya ce ba za a taɓa faɗinta ba, don birki kamawa kawai yake yi, taya ce ke riƙe ƙasa. Zancen madubi kuwa ko amsa ni bai yi ba.

Washegari na koma, muka yi aikin birkin. Man da ke ciki ya yi baƙi kamar shayin da ya kwana. Tiyo ɗaya ya fara tsagewa, ya sa sabo. Sannan ya durƙusa a gefen tayar gaba da ƙaramar sifana da kwalba, ni ina tsaye riƙe da hannun birki, muna fitar da iskar da ta shiga.

“Matsa. Riƙe. Kada ka saki. To, saki.”

Haka muka yi ta yi har hannuna ya sage. Na ce ai ya yi. Ya ce in kamo hannunsa in ɗora a kan birkin. Ya matsa sau ɗaya ya ce, “Da saura, yana lotsawa kamar burodi.” Muka ci gaba har aka kira la'asar.

Da zan tafi ya ce mini bayan babur ɗin ya yi sauƙi yanzu, kada in take birkin ƙafa yadda na saba. Na ce to. Amma gaskiya hankalina yana kan hanya. Babur ɗin ya zama wani daban, ina karkata yana bina. Daf da shiga Kusada wani jaki ya tsallako daga gona. Na take birkin baya da dukan ƙarfina. Tayar ta kulle, bayan ya zame gefe, na tsinci kaina a ƙasa, gwiwar hannu ta sale, tankin ya loɓa.

Tun a wurin na kira Kawu a waya, raina a ɓace. Na ce, “Kawu, ka cire ƙarfen da zai tare ni, ga shi na faɗi.”

Ya ce, “Kai ka tashi da ƙafarka?”

“Na tashi.”

“Alhamdu lillahi. Kada ka sake hawa sai na zo.”

Da safe sai ga shi a motar haya, da buhu a kafaɗa, mutumin da ko biki ba ya barin gindin bedinsa. Ya sa na tura babur ɗin zuwa wata gona da aka riga aka kwashe amfaninta a bayan gari. Ya ja layi da sanda, ya cire hularsa ya ajiye a kai.

“Ka taho, ka tsaya kafin hular. In ka take ta, kai za ka wanke.”

Na farko na wuce ta da taku biyar. Na biyu na cafki birkin gaba da tsoro har gaban ya dunƙule. Ya matso ya kama yatsuna biyu ya ɗora su a kan hannun birkin, ya rufe da nasa.

“Kai da kake yini cikin shanu, haka ka ga ana tatsa? Fizga ake yi? A hankali za ka fara, in ka ji ya kama sai ka ƙara. Ƙafar kuma taɓawa kawai.”

Na yi ta zuwa ina dawowa, yana tsaye a rana kansa ba hula. Wajen zuwa na ashirin na tsaya tayar gaba na shinshinar hular, babur ɗin a miƙe, ko girgiza bai yi ba. Ya ɗauki abarsa ya kaɗe, ya ce in ƙara goma.

A hanyar komawa ya buɗe buhun. Ƙarfen yayana ne a ciki, ya yanko gajeru biyu daga jikinsa.

“Jiya ka faɗi gaskiya ta wani gefen,” in ji shi. “Bai kamata in cire duka ba. Wannan kuskurena ne.”

Muka kai wa mai walda ya liƙa su, ɗaya kowane gefe, daidai inda zai tare injin da ƙafata.

Da azahar ina alwala a bakin zaure na jiyo Kawu da Inna a tsakar gida. A nan na san cewa tun kafin in je Kankia ta kira shi a waya, ta roƙe shi ya ce mini babur ɗin ba ya gyaruwa, don a rabu da shi.

“Na gaya miki ba ni yi mai ƙarya,” in ji Kawu. “In an raba shi da wannan, wani zai hau, wanda ban san cikinsa ba.”

“Yaya, abin tsayawar dai ka bar shi?”

“Na bar shi. Na ma ƙara gyara shi.”

“Shi kaɗai ya rage mini namiji,” ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. Daga nan sai na ji ƙarar ludayi, tana dama masa fura.

Na tsaya a zaure har fuskata ta bushe kafin in shiga.

Bayan wata biyar aka yi wa ƙanwar Inna jika a Yashe. Ranar suna motar da matan unguwa suka yi magana da ita ba ta zo ba. Inna ta gama shiri, ta zauna da ƙullin kayan barka a cinya, ta tashi ta leƙa waje, ta dawo. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Fito da abin nan.”

Na kai shi bakin dakali don ta ji daɗin hawa. Ta yi bisimilla, ta tattare hijabinta, ta damƙe rigata ta baya da hannu biyu. Na ja a hankali, har masu keke suna wuce mu. Mun bar gari sosai, gonaki dama da hagu, sai na ji ta matso da bakinta kusa da kunnena.

“Haka yake tafiya da shi?” Yayana take nufi.

“A'a, Inna. Shi ya fi haka gudu.”

“Na sani,” ta ce. “Tun daga bakin kasuwa nake jiyo ƙararsa, in tashi in ɗora masa ruwan wanka.”

Muka yi tafiya mai ɗan tsawo. Sai ta saki rigata da hannu ɗaya, ta ɗan bugi kafaɗata.

“Kai kuma ɗan ƙara wuta mana. A haka sai mun tarar an watse.”