Shamuwar Darbejiyar Gidanmu

Duk wanda ya rubuta tarihin damina a ƙasar Kano bai ambaci darbejiyar gidanmu ta Gyaɗi-Gyaɗi ba, ya yi asarar tawada.

A ƙarshen wata bazara, ina aji uku a firamare, wasu tsuntsaye suka sauka a kanta suka fara sheƙa. A gindinta Baba yake ajiye motarsa. Kullum da safe sai ya tarar sun yi mata ado da kashi, kuma haka zai tafi da ita ofis. Rana ta huɗu ya aika Unguwa Uku a kira masu saran itace, suka ce sai Asabar.

Magana ta je kunnen Kaka, mahaifiyarsa. Bayan isha'i, da zafi ya koro mu tsakar gida, ta shimfiɗa tabarma dab da inda Baba yake sauraron rediyo, ta ce, "Ku matso, ga wata nan ta zo muku."

Wai an yi wani mutum mai tsananin tsafta, shamuwa ta yi sheƙa a gidansa, ta ɓata masa rawani, ya kore ta. Shamuwa kuwa, in ji Kaka, ita ke nuna wa hadari hanya. Da ruwa ya zo, ya sauka a gonar dama, ya sauka a ta hagu, ya tsallake tasa kamar an ja layi. Ya yi ƙaura, fari ya bi shi. Har garuruwa suka riƙa roƙonsa ya wuce gaba.

Ƙanwata Bilki ta ce, "Kaka, yana da mota?"

"Jaki gare shi. Amma kullum cikin goge shi yake."

Baba ya rage rediyo. "Inna, ni fa ba ni da gona."

"Wa ya kira sunanka, Malam? Da jikokina nake. Rijiya dai kana da ita."

Ranar Asabar masu gatari suka zo, Baba ya ba su haƙuri, ya tafi ya sayo tamfol ɗin rufe mota. Bayan kwana biyar aka yi ruwan farko. Kaka ta dube shi, ta yi gyaran murya kawai.

Da na zama malamin makaranta, na sha ba ɗalibaina wannan labari, ina cewa kakata, Allah ya jiƙanta, ta riga masana muhalli gane haƙƙin tsuntsaye. Bara na kai wani abokin aikina, tashin ƙauye, gindin bishiyar don ya ga shamuwarmu, da yake har yanzu suna zuwa. Ya ɗaga kai, ya dube ni da tausayi.

"Malam, shamuwa ai baƙa ce. Waɗannan balbela ne."

Kaka ta shekara hamsin tana noma kafin ta dawo birni, ta san shamuwa sarai. A inuwar bishiyar nan take barcin rana.