Hotunan da Na Ɗauka a Ƙauyen Kawu

Ni ce mai son yawo a gidanmu. Maigidana, da za a bar shi, a kan tabarma zai cinye dogon hutu, rediyo manne a kunne. Mu biyun koyarwa muke yi a Dutsin-Ma, don haka da an rufe makarantu cikin damina sai in tasa shi gaba da mita: wata da watanni ina shaƙar alli, ba zan ƙare hutu ina kallon bango ba. Abokan tafiyarmu su ne amininsa, malamin lissafi, da matarsa wadda ta zama ƙawata. Mun je bakin dam mun ci soyayyen kifi, mun je kallon kokawa har muryata ta dushe. Malam, wato maigidan nawa, shi dai ya ja mota, ya yi ta duba agogo, don ba ya yarda la'asar ta same mu a hanya saboda halin rashin tsaro da ake ciki.

Wata Asabar aminin nasa ya ce kawunsa ya kira gayya a gonarsa, a wani ƙauye gaba da Wurma cikin ƙasar Kurfi. Ni haifaffiyar cikin gari ce, ban taɓa ganin gayya ba. Malam ya ce a bari sai wata shekara. Na yi kwana biyu ina amsa masa magana da ƙyar, sai ga shi yana zuba wa mota mai.

Gayyar kuwa ta biya ni. Majiya ƙarfi sun jeru da garemani, makaɗi na biye da su da gangar noma, duk wanda ya ji kirarinsa sai ya ƙara duƙawa ƙasa na tashi. Wayata ta mutu tun da hantsi, na karɓi ta Malam na ci gaba da ɗauka. Da azahar ta yi, malamin lissafi ya tsaya wajen Kawu a gona, mu uku muka dawo cikin ƙauye inda muka bar mota. Malam ya nufi masallaci, ni da ƙawata muka shiga zagaya.

Komai burge ni yake. Na ɗauki rumbuna. Na ɗauki wani gida mai sabuwar ƙofar ƙarfe shuɗiya, da shanun huɗa biyu ƙosassu a ɗaure gefensa. Na ɗauki wata siririyar hanya da ta bi ta bayan gidajen ta shige cikin dawa, don kawai koren ya yi mini kyau. Wata mata a bakin rijiya ta tsaya tana kallona. Na gaishe ta, ta amsa a taƙaice, har na ce wa ƙawata mutanen nan akwai kunya. Da Malam ya fito na miƙa masa wayarsa, ya jefa aljihu.

Yana buɗe mota suka iso, su huɗu, 'yan sintirin ƙauyen, biyu da bindigar toka a kafaɗa.

"Malam, miƙo wayar nan," in ji na gaba.

Kafin mu kai ƙofar gidan mai'unguwa, rabin garin ya biyo mu. Aka zaunar da mijina a ƙasa, mutumin da ɗalibai ke miƙewa in ya shigo aji. Mu mata aka ce mu tsaya jikin katanga. Wani dogon mutum, mai shanun nan, sai ihu yake yana nuna gidansa. A nan ne abin ya faɗo mini. A yankin nan, kafin ɓarayin daji su shigo gari, sai an fara turo wani ya gano musu wa ke da shanu, wace ce ƙofarsa, ta ina ake fita. Na san wannan, sau nawa muna zancensa a ɗakin malamai. Amma ko sau ɗaya ban kawo wa raina cewa ni, da mayafina da takalmina mai tsini, wani zai kalle ni ya ga ɗan leƙen asiri ba. Shanu, ƙofa, hanyar baya: duk na haɗa musu a waya ɗaya.

Malam ya ce mu baƙin Kawu ne. Aka ce kowa ma yana iya kama sunan Kawu. Waya ba ta shiga a gonar, sai wani ya hau babur ya tafi kiransa.

Mai'unguwa dattijo ne marar hayaniya, kuma rashin hayaniyar tasa ta fi tsorata ni. Ya riƙe wayar nesa da idonsa, wani na matsa masa hotunan.

"Wa ya ɗauki wa'annan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe," in ji Malam.

Na buɗe baki, ya ɗago ya yi mini wani kallo da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Ƙawata ta damƙe hannuna har farcenta ya shige ni.

"Don mi?"

"Sha'awa ce kawai."

"Sha'awar shanun mutane?"

Aka yi wata dariya marar daɗi. Dattijon ya ci gaba da kallo, sai ya tsaya a kan wani hoto. Ya juya wayar ya nuna wa Malam. Shi ne a ciki, daga nesa, ya ba da baya yana tafiya masallaci da buta a hannu. Na ɗauka ne don in tsokane shi da yadda yake tafiya kamar mai auna fili.

"Wanga ba kai ba ne? To hwaɗa mani yadda mutum ke ɗaukar ƙeyarshi."

Malam mutum ne da bai iya ƙarya ba, ranar da ya gwada, ko minti biyar ba ta yi ba.

"Ke nan akwai na biyu," in ji shugaban 'yan sintiri. "Baba, a ba mu shi mu tahi da shi, zai hwaɗi inda ɗan'uwanshi ya ɓoye." Na ga wani yana kwance igiya daga bayan babur.

Ban san lokacin da na fizge hannuna ba. Na ratsa maza na durƙusa gaban dattijon, gwiwoyina cikin taɓo.

"Baba, ni ce. Wallahi ni na ɗauka, duka. Shi yana masallaci."

"Koma!" in ji Malam da tsawa. Ban ko kalle shi ba.

Wani ya ce ai yanzu har mata ake aikowa. Raina ya ɓaci a kan tsoron da nake ciki, na ce a kira matar da ke bakin rijiya, ita ta gan ni. Ashe tana nan cikin taron, kuma ita ce ta kai rahoto. Ta fito tana jan gyale, ta ce ƙwarai wannan ce, da rana tsaka, tana yi tana dariya, har gaishe ta na yi. Ta ƙara da cewa ita dai ta faɗi abin da ta gani, don bara ma, kafin ɓarayi su shigo musu, da gaisuwa aka fara.

Mai'unguwa ya dube ni. "Ɗiyata, in gaskiyarku gare ku, mi ya sa mijinki ya yi mani ƙarya?"

"Baba, ya ga igiya da bindiga, ya ga matarsa. Da kai ne fa?"

Na ce shi ke nan, bakina ya ƙarasa mu. Amma dattijon bai ce a kawo igiyar ba. Haka muka zauna, ni a durƙushe, Malam a ƙasa, ana kiran la'asar ba wanda ya motsa, har muka ji ƙarar babur. Kawu ya sauko da laka har gwiwa, malamin lissafi a bayansa yana haki. Kawu ya rantse baƙinsa ne, ya ce laifinsa ne da bai kawo mu mun gaida mai'unguwa tun da safe ba.

Aka ba ni wayar in goge da hannuna, mai shanu tsaye a kaina yana kallo. Ɗaya bayan ɗaya, har da na gayyar. Da na gama na ba shi haƙuri. Ya ce, "Hajiya, ke kin goge kin tahi gida. Ni yau a zaune zan kwana." Kunya ta rufe ni.

A mota Malam ya kasa saka makulli, sai malamin lissafi ya karɓi tuƙin. Ni da Malam muka zauna a baya har muka hau kwalta. Bayan rigarsa duk jar ƙasa. Na kai hannu zan kaɗe masa, ya riƙe hannun.

"Da kin yi shiru," ya ce a hankali.

"Malam, da sun tafi da kai."

"Na sani," ya ce. "Shi ya sa na ce ni ne."