Ƙafa Ɗaya a Sama

Tana zaune a bencin ofishin kamfanin intanet, tsohuwa 'yar firit, tabarau ya zamo mata kan karan hanci. A cinyarta ga na'urar intanet ta gidanta, naɗe cikin tawul kamar jaririn da aka kawo awo. Yadda take shafa ta, ka san hannun nan ya raini 'ya'ya, kuma duk sun yi nisa.

"Mama, me ya same ta?" in ji ma'aikaciyar.

"'Yar nan, intanet mai gudu kuka ce, kuɗin mai gudu nake biya. Jikana ya fara tafiya, ni kaɗai ban gani ba. In an kira ni ta bidiyo, yana ɗaga ƙafa sai hoton ya sandare. Kullum maigidan nawa ƙafa ɗaya a sama kamar zalɓe!"

Mutanen da ke kan layi suka kwashe da dariya. Ma'aikaciyar ta haɗa wayar tsohuwar da intanet ɗin ofis don gwaji, ta ce ta kira iyayen yaron.

Sai ga yaron tar a fuskar waya. Yana tangaɗi, yana miƙo hannu, taku bayan taku. Tsohuwar tana dariya, hawaye na gangara ta ƙarƙashin tabarau.

"Taho, maigida, taho!"

Sai da ya faɗi zaune daɓas ta ɗago kai, ta tura wa ma'aikaciyar na'urar.

"Yawwa, irin wannan na saya. Zuba min shi a ciki in tafi gida."