Remedios Sabulao da Mataki na Huɗu

Haihuwa da Asali

An haifi Remedios Abuda Sabulao ranar 9 ga watan Satumba na shekarar 1951 a ƙauyen Dapdapan da ke bakin teku, a gabashin tsibirin Samar na ƙasar Filifin. Mahaifinta, Eleuterio Sabulao, masunci ne mai kwalekwale ɗaya tak, mahaifiyarta kuwa, Consolacion Abuda, masaƙiyar tabarma ce wadda ake zuwa daga nesa neman aikin hannunta. Ita ce ta biyu cikin 'ya'ya huɗu, kuma a ƙauyen ba wanda ya taɓa wahalar da bakinsa da cikakken sunanta. Medyos ake ce mata.

Gidansu na gora ne a kan dirkoki, daf da ruwa, kamar na kowa. A watan Nuwamba na 1963, tana da shekara goma sha biyu, guguwa ta taso da hantsi ta turo teku cikin ƙauyen. Mahaifinta ya kai iyalinsa kan tudun da ke bayan gari, ya koma don ya ɗaure kwalekwalensa, bai dawo ba. Mutum goma sha tara aka rasa a ranar. Kafin a cika addu'ar arba'in, jama'a sun sake kafa gidajensu a daidai inda ruwa ya kwashe na da, saboda kowa na son ya buɗe ido ya ga jirginsa. Wannan abu ya tsaya wa yarinyar a rai, bai kuma sauka ba har ta tsufa.

Karatu da Tafiya Manila

Ta kammala makarantar firamare a 1965, ta yi shekara ɗaya a sakandare, sannan halin gida ya tilasta mata ajiye littafi. A 1967 wata ƙanwar mahaifinta ta ɗauke ta zuwa Manila, ta sama mata aikin guga da ɗinkin maɓalli a ɗakin tufafi na wani kamfanin shirya fina-finai. Shekara uku ta yi a wannan ɗaki, tana koyon harshen birni tana kuma lura da yadda manyan mata ke ɗaga gira.

Harkar Fim

A 1970 wani darakta ya ji ta tana wanke direban kamfanin tas saboda ya taka rigar da ta goge, ya tsaya ya saurara har ƙarshe, washegari ya ba ta rawar ƙanwar attajira. Aka laƙaba mata sunan Marisol Quijano, kuma da wannan suna ta fito a fina-finai sittin da uku tsakanin 1970 da 1994, kusan dukkansu a matsayin muguwar uwar ɗaki. Aikinta bai cika canzawa ba: ta sauko daga bene a hankali cikin doguwar riga, ta tsaya a gaban yarinyar talakawa, ta sharara mata mari. Ta ƙware har wata rana a kasuwa wata mai kifi ta jefe ta da kan kifi tana cewa, "Ke azzaluma, ki bar yarinyar nan ta sha iska!" Remedios ta kan ce cikin duk lambobin yabon da aka ba ta, wannan ne ta fi alfahari da shi.

Babu macen da ta sauko matakalar bene a gaban jama'ar ƙasar kamarta, amma ba ta taɓa ƙirga mataki ko ɗaya ba, domin akwai waɗanda aikinsu ke nan.

Aure da 'Ya'ya

Ta auri Rodolfo Lacaba, mai ɗaukar sauti a kamfanin, a watan Mayu na 1976. Mutum ne mai sanyin hali, wanda ya saba da toshe kunne saboda sana'arsa, abin da ya taimaki zaman aurensu matuƙa. Allah ya albarkace su da 'ya'ya uku tsakanin 1977 da 1984. Rodolfo ya rasu a 1996 bayan doguwar jinya, kuma ba ta sake aure ba.

Komawa Gida da Gidaje Arba'in

A watan Disamba na 1998 teku ta sake shiga Dapdapan, ta ci mutum goma sha ɗaya, cikinsu har da ƙaninta Benito da matarsa. Remedios ta zo jana'iza, kuma tun ba a rufe kaburbura ba ta ji ƙarar adda: ana saran gora za a sake gini a bakin ruwa. A nan ta ƙudurta cewa ba za a ƙara binne ɗan Dapdapan saboda ruwa ya same shi a ɗaki ba. Ta sayar da gidanta na Manila, ta sayi tudun nan da mahaifinta ya ajiye su a kai, ta ɗauko wani injiniya baƙo daga wata ƙungiyar agaji da taswirar da aka riga aka gwada a wasu ƙasashe.

A watan Mayu na 2000 aka kammala gidaje arba'in na bulo da rufin kwano, kowanne da matakala a ƙofa. Aka gasa aladu, aka sha giyar kwakwa, aka yi rawa, kowane magidanci ya karɓi makullinsa ya sumbaci hannunta. Daga nan kowa ya koma bakin teku ya kwanta. Wata ɗaya, wata biyu, gidajen ba kowa sai buhunan busasshiyar kwakwa da kajin wasu. Duk wanda ta tambaya sai ya yi murmushi ya ce, "Mako mai zuwa, da yardar Allah."

Abin ya ƙona mata rai, har ta tare Rosario Ogario, 'yar yayar mahaifiyarta, wadda ake kira Mana Sayong, wato Yaya Sayong, masaƙiya mai kaifin harshe da ta girme ta da shekara bakwai.

"Mana, me na yi wa mutanen nan?" in ji Remedios. "Rufi ne ke yoyo, ko ruwan sha ne babu?"

Mana Sayong ta ja ta har ƙofar gida na farko. "Yarinya, hau matakalar nan ki ƙirga da ƙarfi, yadda mahaifiyarki ta koya miki."

A ƙasar ba a ƙirga matakala da ɗaya, biyu, uku. Ana cewa zinariya, azurfa, mutuwa, a sake komawa zinariya, kuma babu maginin da zai bar matakin ƙarshe ya faɗa kan ta ukun. Remedios ta ɗaga ƙafa. Zinariya. Azurfa. Ta tsaya da ƙafa ɗaya a sama, domin matakan uku ne cif, a gida arba'in.

"Shekara ashirin da huɗu kina saukowa daga bene kina marin 'ya'yan mutane," in ji Mana Sayong, "ashe uku ma ba ki iya ƙirgawa ba."

"To me ya hana a faɗa mini tun ana gini?"

"Ke da kika sayar da gidanki saboda mu? Wa zai dubi idonki ya ce kin gina masa kabari? Cewa muka yi mu yi shiru, wataƙila ki gane da kanki. Ashe fim ya gama da ke."

Taurin Kai da Jinya

Remedios ba ta karɓi maganar da daɗi ba. Ta ce camfi ne da bai dace da masu zuwa coci ba, ta sa Fada, limamin cocin, ya yayyafa wa gidajen ruwa mai tsarki, sannan a watan Yuli ta kwashe kayanta ta tare a gida na farko don ta nuna wa kowa cewa matakala ba ta kisa. Iyalai uku suka yi ƙarfin hali suka biyo ta. A tsakiyar Agusta zazzaɓin taifod ya kwantar da ita, aka sauko da ita ta kan matakan nan uku a cikin tabarma a gaban idon gari duka, aka kai ta asibiti a Tacloban. Kafin la'asar iyalan nan uku sun koma bakin ruwa da tukwanensu.

Ta dawo a ƙarshen Satumba a rame, ga lokacin guguwa saura wata biyu. Ta kira taro a gaban coci, ta yi magana ba tare da ɗaga gira ba. "Ni har gobe ban yarda matakala na kashe mutum ba," in ji ta, "amma na ga teku ta kashe ubana da ƙanina. Na yi kuskure, na kuma ƙara da taurin kai. Idan mataki ɗaya ne ya rage tsakaninku da tudun nan, a kawo siminti."

Aka haƙa ƙasa taƙi ɗaya a gindin kowace matakala aka zuba mataki na huɗu, wanda ya faɗa kan zinariya. Mata suka yi ta jigilar yashi daga rafi, ita ma tana cikinsu da ɗan bokitinta duk da hanin likita, Mana Sayong kuma na bin gida-gida tana hawa tana ƙirgawa da ƙarfi don kowa ya ji. Cikin mako biyar aka gama, jama'a suka fara hawa da kayansu ba tare da an roƙi kowa ba.

Saura mutum ɗaya, tsohon masunci Florendo Gayon, wanda ake kira Mano Indoy, wato Yaya Indoy, mai shekara tamanin, wanda ba ya cikin lissafin arba'in ɗin tun farko saboda ya ƙi karɓar makulli.

"Gidan nan ni da Pilar muka ɗaure shi da hannunmu," in ji shi, yana nufin matarsa marigayiya. "Ba zan bar shi ba, ko ke ce shugabar ƙasa."

"Ba za ka bar shi ba, Mano," in ji Remedios. "Da kai da shi za mu ɗauka."

Ranar 12 ga Nuwamba maza talatin suka zura dogayen gora a ƙarƙashin gidan, suka saɓa shi a kafaɗa kamar yadda aka saba idan maƙwabci zai yi ƙaura, suka hau tudu da shi, tsohon na zaune a taga yana zagin su ɗaya bayan ɗaya da sunan ubansa saboda suna karkata masa tukunya.

Da safiyar 3 ga Disamba na 2000 guguwa ta iso. Kafin azahar babu dirka ɗaya a tsaye a bakin teku, jirage ma sun tafi. Da iska ta lafa, Remedios ta bi gida arba'in da ɗaya tana kiran sunaye, kowa ya amsa. A ƙofar gida na ƙarshe ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ba ta yi ba tun 1963, Mana Sayong na tsaye a kanta.

Ƙungiyar Masaƙa da Shekarun Ƙarshe

Da yake jirage sun salwanta, a 2001 ta haɗa matan ƙauyen ta kafa ƙungiyar masaƙa mai suna Mataki na Huɗu, suna saƙa tabarmi da jakunkuna da ciyawar fadama da ake kira tikog. Ita ke kai kayan Manila da kanta, kuma dillalan da suka tashi suna kallon ta tana marin mutane ba su cika jan ciniki da ita ba. Ribar ta sayi sababbin jirage, ta gina makaranta, kuma zuwa 2010 ƙungiyar ta haɗa mata fiye da ɗari uku a ƙauyuka bakwai. A shida daga cikinsu Remedios ta sake gina gidaje a kan tudu, amma ba ta ƙara sa hannu a taswirar wani injiniya ba sai tsohuwar garin ta duba ta ƙirga. Manyan guguwa sun biyo baya, sun kwashe rufi da itatuwa, ba su sami kowa a bakin ruwa ba.

Rasuwa

Remedios Abuda Sabulao ta rasu ranar 17 ga Fabrairu na 2019 a gidanta na Dapdapan, sakamakon ciwon zuciya, tana da shekara sittin da bakwai. Bayan kwana tara na addu'a aka binne ta a maƙabartar tudu, inda ake hango teku. Ta bar 'ya'ya uku: Teresita Lacaba, ma'aikaciyar jinya; Eleuterio Lacaba, malamin makaranta; da Milagros Lacaba, wadda ke riƙe da ƙungiyar masaƙa; sai jikoki takwas.

A wasiyyarta ta nemi a yi wa dakalin kabarinta matakai uku, ta ce nan ne kaɗai wurin da lissafin injiniyanta ya yi daidai. 'Ya'yanta suka cika mata wasiyya. Ranar addu'ar arba'in da suka hau da furanni, suka tarar da mataki na huɗu a gindin dakalin, simintinsa ko bushewa bai gama yi ba. An tambayi gari duka, kowa ya yi murmushi ya ce bai sani ba.